Tarihin wayar daidaita haƙora da rigimar ma'auninta

Gabatarwa

Duk wanda ya ga saurayi ko budurwa da siririyar waya a kan haƙora, an kama ta da ƴan ƙarafuna masu ƙyalli, yana iya ɗauka wani sabon abu ne da zamani ya zo da shi. Alhali kuwa sana'ar da Faransawa ke kira orthodontie, wato daidaita jerin haƙora, ta kusa shekara 300 a rubuce, tunanin da ya haife ta kuwa ya kai shekara 2000. A tsawon wannan lokaci tambayoyi biyu ne suka yi ta bin masu sana'ar. Ta farko ita ce, ta yaya za a motsa haƙorin da ke kafe cikin ƙashi ba tare da an kashe shi ba? Ta biyu kuma, ina za a kai shi, kuma wa ya ce can ne daidai? Tambaya ta farko ta sami amsa mai gamsarwa daga ɗakunan bincike da maƙeru. Ta biyu har yau ana jayayya a kanta, kuma ita ce ta fi shafarmu, mu da muke yaba wushirya, abin da littattafan likitocin haƙori suka daɗe suna lissafawa cikin aibobin baki.

Yatsa, magagari da zaren zinariya

Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan da suka iso mana kan matsar da haƙori yana cikin littafin likitanci na Selsus, marubucin ƙasar Rum wanda ya rayu a ƙarni na farko na Miladiyya. Ya lura cewa a lokacin famfara wani sabon haƙori yakan ɓullo tun na ƙuruciya bai faɗi ba, sai ya fito a karkace. Shawararsa ita ce a cire tsohon, sannan a riƙa tura sabon da yatsa kullum har ya iso gurbinsa. Duk abin da aka ƙera daga baya, daga zinariya har zuwa roba, ƙoƙari ne na samun abin da zai maye gurbin wannan yatsa, ya yi ta turawa dare da rana ba gajiya.

Bayan kusan shekara dubu, a ƙasar Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan fadar Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya rubuta littafinsa At-Tasrif mai kashi 30. A kashi na ƙarshe, wanda ya keɓe wa aikin fiɗa, ya zana kayan aiki masu yawa, ya kuma yi bayanin yadda ake rage tsawon haƙorin da ya zarce ƴan'uwansa da magagari, da yadda ake ɗaure haƙoran da ke girgiɗi da siririyar waya a jikin masu ƙarfi. Ya fifita zinariya a kan azurfa, domin azurfa takan sauya launi ta lalace a cikin baki. An fassara wannan kashi zuwa Latinanci a ƙarni na 12, likitocin Turai suka yi ƙarnuka suna karatu da shi. Sai dai a wancan zamani waya tana riƙe haƙori ne a inda yake, ba a riga an sa ta aikin matsar da shi ba.

Fauchard da makarantar Paris

A Turai, har zuwa farkon ƙarni na 18, aikin haƙori yana hannun wanzamai da masu yawo kasuwa-kasuwa suna cire haƙori a bainar jama'a. Mutumin da ya fitar da shi daga wannan hali shi ne Pierre Fauchard, wanda ya fara koyon aiki a rundunar jiragen ruwan Faransa, ya zauna a Angers, daga baya ya koma Paris. A shekara ta 1728 ya buga littafinsa Le Chirurgien Dentiste a mujalladi biyu. A cikinsa ne ya bayyana wani siririn falle na zinariya ko azurfa, lanƙwasasshe kamar baka, mai ƴan huji-huji. Ana kifa shi a jikin haƙora, a zura zaren alharini ta hujin, a ɗaure kowane karkataccen haƙori, a riƙa ƙara ɗaurin lokaci-lokaci har haƙorin ya matso ya bi lanƙwasar fallen. Wannan shi ne kakan wayar da muke gani a yau. Idan haƙori ya ƙi, Fauchard yakan murɗa shi da ƙarfi da wani irin awartaki, sannan ya ɗaure shi, aikin da ake yi a lokacin da ba a san allurar kashe zafi ba.

A shekara ta 1757 Étienne Bourdet, likitan haƙorin Sarki Louis na 15, ya gyara wannan falle, ya kuma kawo wata shawara wadda za ta zama tushen babbar rigima daga baya: idan haƙora sun cushe, a cire wasu daga cikin waɗanda ke bayan fiƙa domin sauran su sami wuri. Sunan sana'ar ma daga Faransa ya fito. Tun 1741 Nicolas Andry ya ƙirƙiri kalmar orthopédie don gyaran gaɓoɓin yara, ya sa hoton karkataccen icce ɗaure a jikin turke a littafinsa, kamar dai yadda Bahaushe ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bayan shekara ɗari Joachim Lefoulon ya bi wannan sawu ya ƙera kalmar orthodontosie, wadda ta rikiɗe ta zama sunan da ake amfani da shi yanzu.

Abin da ke faruwa cikin ƙashi

Duk waɗannan mutane sun ga haƙori yana motsi, amma ba su san dalili ba. Wasu sun zaci ƙashin muƙamuƙi ne ke lanƙwasa. Sai a wani bincike da aka buga a 1904 da 1905, Carl Sandstedt na Istokholm, a ƙasar Suwidin, ya sa wa karnuka waya, sannan ya duba ƙashinsu da madubin likita. Haƙori dai ba manne yake da ƙashi ba, rataye yake cikin gurbinsa da wasu siraran zaruruwa. Ya gano cewa idan aka matsa shi a hankali, a gefen da ake dannawa wasu ƙwayoyin halitta sukan cinye ƙashin su buɗe hanya, a gefen da ake ja kuma wasu su gina sabon ƙashi su cike gurbin da aka bari. Albin Oppenheim ya yi irin wannan bincike a kan birai a Biyana a 1911.

Daga nan aka fahimci abubuwa biyu da har yau suke jagorancin sana'ar. Na ɗaya, ƙarfi kaɗan mai ɗorewa ya fi ƙarfi mai yawa amfani, domin matsi mai tsanani yana toshe jini, ya jinkirta motsin, wani lokaci ma ya ci saiwar haƙorin. Na biyu, ba a gaggawa: haƙori yakan yi tafiyar kimanin milimita 1 a wata, shi ya sa aikin yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ko fiye.

Angle da dokar haƙora 32

Wanda ya mayar da wannan aiki fanni mai zaman kansa shi ne Ba'amurke Edward Angle, wanda aka haifa a 1855, ya rasu a 1930. A shekara ta 1899 ya buga rabe-rabensa na karkatar cizo. Ya ɗauki turmi na farko na sama, wanda ke fitowa yaro yana wajen shekara 6, ya mai da shi turken da ake auna komai da shi. Idan turamen sama da na ƙasa sun haɗu yadda ya kamata amma sauran haƙoran sun cushe ko sun murɗe, wannan aji na ɗaya ne. Idan na ƙasa ya ja baya, aji na biyu. Idan ya zarce gaba, aji na uku. Har yau, daga Paris zuwa Dakar, likitan haƙori da waɗannan azuzuwa uku yake fara rubuta bayanin maras lafiya. A 1900 Angle ya buɗe makaranta a Saint Louis wadda ba ta koyar da komai sai wannan fanni, ya kuma yi ta ƙera na'urori ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga wadda ya bayyana a 1928: kowane haƙori da zobensa, a jikin zoben akwai ɗan ƙarfe mai tsagi, waya mai kusurwa huɗu ta shiga tsagin ta zauna daram. Da wannan dabara likita yana iya sarrafa kan haƙori da saiwarsa gaba ɗaya. Kusan duk ƙarfen haƙorin da ake mannawa a yau jikan wannan ne.

Amma Angle bai tsaya ga ƙira ba, ya zo da aƙida. A ganinsa kowane ɗan Adam yana iya riƙe haƙoransa 32 a jere, cire ko ɗaya don neman wuri kuwa laifi ne. Ya dogara ga ra'ayin Julius Wolff na Jamus, wanda ya nuna a 1892 cewa ƙashi yana sake siffa gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, sai Angle ya ɗauka idan aka faɗaɗa jerin haƙora, ƙashi zai biyo su ya girma. Wajen kyawun fuska kuma, a rubuce-rubucensa na farko ya ɗauki mutum-mutumin Apollo na Belvedere, wani sassaƙen farin dutse da ke ajiye a Batikan, a matsayin abin koyi. Ke nan ma'aunin farko na kyakkyawar fuska a wannan sana'a an ɗauko shi ne daga dutsen da aka sassaƙa bisa sha'awar Girkawa da Rumawa, dutsen da bai taɓa tauna komai ba.

Rigimar cire haƙori

Ba kowa ya yarda da Angle ba. Calvin Case na Shikago ya ce akwai bakin da ba zai ɗauki haƙora 32 ba, kuma tilasta masa yana turo leɓɓa gaba, aikin kuma ba ya ɗorewa. A 1911 aka yi zazzafar muhawara tsakaninsa da Martin Dewey, almajirin Angle. Ɓangaren Angle ne ya rinjaya, har aka yi wajen shekara 20 zuwa 30 cire haƙori yana zaman abin kunya ga likitan da ke son a ɗauke shi da daraja a Amurka.

Wanda ya karya wannan doka kuwa wani almajirin Angle ne na kusa, Charles Tweed na jihar Arizona. Bayan shekaru yana bin koyarwar malaminsa, sai ya lura haƙoran mutane da yawa da ya yi wa aiki sun koma cushewa, fuskokinsu kuma ba su gamsar da shi ba. Ya kira su ya sake aikin, wannan karo ya cire haƙora huɗu na bayan fiƙa, biyu sama biyu ƙasa. A 1940 ya baje sakamakon mutum 100 a gaban taron abokan sana'arsa. An yi masa ca, wasu suka ɗauke shi maci amanar malaminsa, amma cikin ƴan shekaru hanyarsa ta zama ita ake bi.

A can Ostiraliya wani almajirin Angle, Raymond Begg na Adelaide, ya kai ga irin wannan matsayi ta wata hanya dabam. Ya duba ƙoƙunan kawunan mutanen asalin ƙasar, ya ga haƙoransu sun side ƙwarai saboda abinci mai tauri da tsakuwa, ba a cika samun cushewa a cikinsu ba. A 1954 ya rubuta cewa cushewar haƙora a bakin mutumin zamani ta samo asali ne daga abinci mai laushi wanda ba ya side haƙori, don haka cirewa tana yin aikin da tauna ta daina yi. Masu nazarin ɗan Adam na baya, irin su Robert Corruccini, sun fi karkata ga cewa ƙarancin tauna tun ƙuruciya ne ke hana muƙamuƙi cika girmansa. Duk da bambancin bayanin, sun haɗu a kan cewa cushewar haƙora ta yawaita ne tare da sauyin abinci.

Yadda ra'ayi ke kai da komo ya fito fili a lissafin da William Proffit ya buga a 1994 game da asibitin jami'ar North Carolina. A 1953 kashi 30 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aiki ne aka cire wa haƙori. A 1968 adadin ya kai kashi 76. A 1993 ya sauko zuwa kashi 28. Bakunan mutanen jihar ba su sauya ba cikin waɗannan shekaru 40. Ra'ayin likitoci da kayan aikinsu ne suka sauya, haƙorin da aka cire kuwa ba ya dawowa.

Daga zinariya zuwa roba

Ta fuskar kayan aiki ci gaban ya tafi kai tsaye. Angle da zinariya ya fi aiki, abin da ya sa sai masu hali ke iya biya. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya fara shiga sana'ar wajen 1930, ya kuma kori zinariya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1955 Michael Buonocore ya gano cewa idan aka shafa wa farin ɓawon haƙori asid mai rauni, danƙo yana kama shi ƙam. George Newman ya yi amfani da wannan a 1965 ya manna ƴan ƙarafunan kai tsaye a jikin haƙori, zuwa shekarun 1970 aka daina sa wa kowane haƙori zobe. A farkon shekarun nan ne kuma George Andreasen na jami'ar Iowa ya kawo waya ta gaurayen nikel da titaniyom, wadda aka fara ƙerawa a wani ɗakin binciken sojan ruwan Amurka, wayar da ko an lanƙwasa ta takan koma siffarta a hankali, ta ba da ɗan ƙarfin nan mai ɗorewa da ake nema tun zamanin Sandstedt. A 1997 aka kafa kamfanin da ya fito da Invisalign, jerin kwasfa na roba garai-garai da kwamfuta ke tsarawa, ana sauya su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ma tsohon tunani ne, domin Harold Kesling ya kawo shawarar irinsa tun 1945.

Abu ɗaya ne kayan aiki suka kasa magancewa, wato komawar haƙori inda ya fito. Robert Little da abokan aikinsa a jami'ar Washington da ke Seattle sun bi mutanen da aka yi wa aiki shekaru masu yawa bayan sun daina sa abin riƙe haƙora. Sun ba da rahoto a 1981 cewa bayan shekara 10, waɗanda haƙoransu na gaba na ƙasa suka zauna yadda ake so ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. A 1988 suka ce bayan shekara 20 kashi 10 cikin ɗari ne kawai. Tun daga nan likitoci da yawa ke gaya wa mutum cewa abin riƙe haƙora zai daɗe tare da shi, wataƙila har iyakar rayuwa.

Fuskar wa aka auna?

A 1931 Holly Broadbent a Amurka da Herbert Hofrath a Jamus, kowa a nasa ɓangare, suka fito da hanyar ɗaukar hoton ƙashin kai daga gefe a tsayayyen matsayi, yadda za a iya auna kusurwoyin fuska da lamba. Wannan ya sa aka ga kamar an rabu da son rai, an koma ga lissafi. Amma lissafi yana bukatar abin kwatance. Ma'aunin da William Downs ya buga a 1948, wanda ya zama ginshiƙin waɗanda suka biyo baya, an gina shi ne a kan matasa 20, ƴan shekara 12 zuwa 17, dukkansu Turawan Amurka. Tun 1951 wasu likitoci uku, Cotton da Takano da Wong, suka gwada shi a kan baƙaƙen Amurka da ƴan asalin Japan da Sin, suka ga mutane masu lafiyayyen cizo suna faɗawa wajen iyakar da Downs ya shata. Binciken da aka yi daga baya a Najeriya da Senegal da wasu ƙasashen Afirka ya tabbatar da haka: haƙoran gaba da leɓɓan ɗan Afirka, a bisa matsakaici, sun fi na Bature fitowa gaba, kuma wannan halittarsa ce. Likitan da ya auna yaron Maraɗi ko na Damagaram da lambobin Downs yana iya ganin cuta inda babu ita, har ya cire lafiyayyun haƙora huɗu don ya tura sauran baya.

Wushirya ita ce misalin da ya fi kusa da mu. Bahaushe ya bambanta ta da giɓi: giɓi rashi ne, wushirya kuwa ado ce da ake yabon mace da ita, kamar yadda dā mata ke rina haƙora da fure da goro, kamar kuma yadda haƙorin Makka ke shaida cewa mai shi ta sauke farali. Ba mu kaɗai ba ne. Larabawa tun kafin Musulunci suna ganin kyawunta, har wasu mata na buɗa ta da magagari, abin da hadisi ya hana. Faransawa ma suna kiranta dents du bonheur, wato haƙoran sa'a. An kuma san ta fi yawa a tsakanin mutanen Afirka. Duk da haka a ma'aunin littafi, cikakken jeri shi ne wanda babu tazara ko kaɗan tsakanin haƙora, kamar yadda Lawrence Andrews ya sa cikin sharuɗɗansa shida na 1972. Iyaye ya kamata su san wani abu kuma da Broadbent ya bayyana tun tuni: yara da yawa sukan yi wushirya bayan famfara, wadda ke rufewa da kanta idan fiƙoƙin sama suka fito wajen shekara 11 zuwa 12.

Kammalawa

Wannan tarihi ba ya rage darajar sana'ar. Yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe da ganda, da wanda haƙoransa na sama suka zarce gaba har faɗuwa kaɗan na iya karya su, da wanda ba ya iya cizo ko tauna sosai, duk suna samun taimako na gaske daga abin da Fauchard ya fara, Angle da almajiransa suka inganta. Ƙasashen da gwamnati ke biyan kuɗin aikin dole ta sa suka shata iyaka: a Ingila ana amfani da ma'aunin bukata da Brook da Shaw suka fitar a 1989 don raba mai larura da mai neman ado, a Faransa kuma asusun lafiya yana taimakawa ne idan an nemi aikin kafin yaro ya cika shekara 16. Inda babu irin wannan tsari, waya takan zama alamar arziki, har a ƙasar Tailan aka yi yayin wayar ƙarya da ake sayarwa a kasuwa don kwalliya, hukumomi suka haramta ta saboda cutar da take jawowa.

A namu garuruwa, inda iyali ne ke biyan kuɗin daga aljihunsu, nauyin tambaya yana kan iyaye da mai bakin. Kafin a manna ƙarfe, hakkinsu ne su tambayi likita ko abin da za a gyara larura ce ko ado, ko za a cire lafiyayyen haƙori da dalilin cire shi, da ma'aunin waɗanne mutane aka auna fuskar, da kuma tsawon lokacin da za a yi ana riƙe haƙoran bayan an cire waya. Likitan ƙwarai zai amsa ba tare da jin haushi ba, domin malamansa sun shafe fiye da ƙarni guda suna jayayya a kan waɗannan tambayoyi. Wadda kuma ta ce a jera mata sauran haƙora amma a bar mata wushiryarta, tana da hujja a al'adarta, tarihin sana'ar ma bai ƙaryata ta ba.